Nono ɗaya ko duka biyu ga jinjiri?

A wurin wani suna a Mabera, cikin Sakkwato, mata suka tattauna wannan batu, har da wata ungozoma a cikinsu. Mafi yawa sun tsaya kan cewa a bar jinjiri ya sha nono ɗaya har ya sake shi da kansa, a sa shi ya yi gyatsa, sannan a miƙa masa ɗayan. In ya ƙi, ba laifi, sai a fara da shi a shayarwa ta gaba.

Dalilin ungozomar ya gamsar da ni: ruwan da ke fara zuwa tsinkakke ne, yana kashe ƙishirwa, mai maiƙon da ke ƙosarwa kuwa sai daga baya. Mai saurin sauya nono takan bar ɗanta da yunwa.

Wata dattijuwa ta kawo zancen zafin garinmu, ta ce a ɗan ba shi ruwa. Aka ce a'a, Hajiya, nono zalla har wata 6, kuma kada a zubar da dakashi. Nonon da ya kumbura ya yi tauri a tatse shi kaɗan, in zazzaɓi ya biyo baya mai jego ta tafi asibiti.