Taƙaitawa: Haɗuwar Sauti a Lasifikar Fanel da ta Ribon

Jama'a, ga abin da na tsinta daga doguwar muhawarar da aka yi kan wace irin lasifika ce ta fi haɗe siririn sauti da bas, wato sauti mai kauri, su fito kamar abu ɗaya:

1. Kusan kowa ya yarda cewa fanel, wato lasifika mai faɗi kamar allo, irin na kamfanin Magnepan ya fi haɗe sauti, domin ribon (siririn zirin ƙarfe mai fitar da siririn sauti) da fatar da ke fitar da bas duka marasa nauyi ne, kuma suna watsa sauti gaba da baya.

2. Matsalar ta fi fitowa idan aka haɗa dogon ribon da wufa, wato lasifikar bas, mai akwati. Sautin ribon yana raguwa da kusan desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 3 duk lokacin da nisa ya ninka, na wufa kuwa desibel 6. Shi ya sa idan ka ja kujera baya sai bas ya yi siriri.

3. A kan dalilin rashin haɗuwar ribon da wufa ne aka rabu. Wasu suka ce nauyin wufa ne ke sa sautinta ya makara. Wasu suka ce laifin saitin mahaɗar sauti ne, wato na'urar da ke raba sauti tsakanin ribon da wufa, da yanayin ɗaki. Ni na karkata ga na biyun.

4. A nisanta fanel da bango, kamar mita 1. Game da ajiye lasifikun biyu yadda ribon zai kasance ta ciki ko ta waje, kowa ya ce a gwada da kunne.