Ina haɗa kwamfutar aikin bidiyon biki: RAID 1 zan yi ko SSD da faifai ɗaya?

MaiKyamara_Taura:
Assalamu alaikum jama'a. Ina ɗaukar bidiyon biki da saukar Alƙur'ani a ƙauyukan Taura da Ringim, yanzu ina haɗa kwamfutar tebur don tace aiki. Madabod ɗin, wato babban allon cikin kwamfutar, yana da ramin M.2 ɗaya na cusa SSD (ma'ajiyar nan mai sauri da ba ta juyi) da bakin SATA huɗu na jona faifai. Dubu 180 ta rage mini, kuma ina da tsohon faifan ajiya mai 1TB da na ciro daga wadda ta mutu. Shin in sayi faifai biyu masu 2TB in haɗa su RAID 1, wato kowanne ya riƙe kwafin ɗayan, ko in sayi SSD na ɗora Windows a kai da faifai ɗaya babba? Da janareta nake aiki, intanet kuma sai na hau tudun bayan makaranta.

DanGumel:
Wa alaikumus salam. Ka zuba komai a Google Drive ka huta, Malam.

Abban_Hafsa:
Ɗan Gumel, mutum ya ce sai ya hau tudu yake samun sabis. Kyautar Google ɗin ma 15GB ce, kamu kaɗai ya cinye ta.

BabaMaiHoto_Dambatta:
Ƙanena, da ka ambaci RAID sai da gabana ya faɗi. Bari ka ji nawa. Shekara uku ke nan na kai kwamfutata wani shago a birni, yaron ya ce zai haɗa mini faifai biyu su zama ɗaya, ga sauri ga wuri. Na ga 1TB biyu sun koma kusan 2TB, na ce madalla, har tukwici na ba shi. Ashe RAID 0 ya yi. Ita wannan yanka fayil take yi gunduwa-gunduwa, wani yanki a wannan faifai, wani a wancan.

Ran nan ina tace bikin 'yar wani attajirin garinmu, kwana huɗu na ɗauka, tun daga kamu har kai amarya, memorin ma na riga na goge na tafi wani sunan da shi. Man inji ya ƙare ina tsaka da aiki. Da na sake tayarwa sai na ji faifai ɗaya yana ƙas, ƙas, ƙas, kamar kaza na tsattsagar tire. Na ce to ai ɗayan lafiyarsa lau, ko rabi na samu. Ko hoto ɗaya bai fito ba. Uwar amarya ta yi ta aike, ƙarshe da ƙafarta ta zo shagona, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce "Malam, kakar yarinyar nan ta rasu bayan bikin da sati biyu, a bidiyonka kaɗai muke da muryarta." Kuɗi na mayar, amma har yau in na hango ta a kasuwa layi nake canjawa.

MaiKyamara_Taura:
Innalillahi. Allah ya kiyaye gaba, Baba. Amma ni RAID 1 na ce, ba 0 ba.

BabaMaiHoto_Dambatta:
Duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Injiniya_BirninKudu:
Baba, da girmanka, ba ɗaya ba ne. RAID 1 madubi ce, abin da aka rubuta a wannan shi ake rubutawa a wancan, ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Sai dai 2TB biyu 2TB za su ba ka, Windows ma 1.81 zai nuna. Kuma in ka goge fayil bisa kuskure ko bairos ya shiga, duka biyun ya shafa a lokaci guda. Wutar da ta ƙona ɗaya tana iya ƙona ɗan'uwansa tunda akwati ɗaya suke. Ni dai SSD a ramin M.2, faifai babba a ciki, tsohon naka a saka shi a gidan USB ana kwafa duk dare a cire. Ka duba littafin madabod, wasu in ka cusa M.2 bakin SATA ɗaya yakan daina aiki. Kada kuma ka sauya saitin faifai daga AHCI zuwa RAID a BIOS, wato shafin saitin madabod, bayan ka ɗora Windows, shuɗin allo za ka gani ta ƙi tashi.

Abban_Hafsa:
2TB na hannu dubu 35 na sayo a kasuwar Farm Centre ta Kano watan jiya.

DanGumel:
Haba! Dubu 60 aka ce mini, shi ma bayan ciniki.

Injiniya_BirninKudu:
Na dubu 35 ɗin ka buɗe shi da manhajar duba lafiyar faifai ta CrystalDiskInfo ka ga awa nawa ya yi yana juyi. Da yawa daga na'urar kyamarar tsaro ake ciro su, ba dare ba rana suke aiki.

BabaMaiHoto_Dambatta:
Yaron da ya kashe ni ma haka yake zuba Turanci. Mu da muka fara tun zamanin kaset ɗin VHS ba a jin tamu, sai ta masu takarda.

Injiniya_BirninKudu:
Ai shi ya sa na ce a kwafa a cire, Baba. Maganarka nake ƙarfafawa.

Sarkin_Zolaya:
Ni RAID ɗin da na sani na fesa wa sauro ne. Shi ma in ka sayi biyu ɗaya jabu ne.

Hajiyar_Kazaure:
Ku bar zancen faifai, wuta ce ke kashe su. Shagona na buga takardu sau biyu ana kawo ta da ƙarfi tana cinye mini fawa, wato akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta. In ba UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko faifai goma ka jera asara ce.

DanGumel:
Ku da kuke ganinta ma kenan, Hajiya. Mu wata bakwai taransifoma na kwance, an karɓi dubu bibbiyu gida-gida har sau biyu.

Abban_Hafsa:
Namu an kawo, sai aka kwance wayoyin cikin dare.

MaiKyamara_Taura:
To jama'a, in na cire kuɗin UPS daga dubu 180 ɗin, me zai rage na faifan? Asabar nake son shiga Kano.

Hajiyar_Kazaure:
Wa ya karɓi kuɗin naku, Ɗan Gumel, kwamiti ko mai unguwa?