Hanibal ɗan Afirka ne ko baƙo?

Mai batu: Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaranmu sun san Kaisar, amma ka ambaci Hanibal sai su yi zuru. Ɗan Afirka ne fa, kwamandan yaƙi daga tsohon birnin Kartaj, dab da birnin Tunis na yau. A shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya haye duwatsun Alps da giwaye ya shiga Italiya, a 216 ya kashe dubun dubatar sojojin Rum a Kannai, rana ɗaya. Me ya sa ba a koyar da shi?

Malamin sakandare: Malam, cire "ɗan Afirka". Kakanninsa daga birnin Sur na Labanan suka zo suka kafa Kartaj, harshensu ma na can ne.

Mai batu: Birnin ya haura shekara 500 kafin a haife shi. Shekara nawa mutum zai yi kafin ya zama ɗan gari?

'Yar Damagaram: Ƙungiyar ƙwallon Tunisiya ma sunanta Mikiyoyin Kartaj, kuma kofin Afirka ta ci a 2004.

Malamin sakandare: Hajiya, tarihi muke yi, ba gidan kallo ba.

'Yar Damagaram: Da namiji ne ya faɗa, haka za ka amsa masa?

Malamin sakandare: Allah ya huci zuciyarki, amma ƙwallo ba hujja ba ce.

Ɗan Zangon Kumasi: Yaya, in asali kuke nema, ga Masinisa, sarkin Numidiya, wajen Aljeriya ta yau. Mahayansa ne suka taya Sipiyo, kwamandan sojojin Rum, karya Hanibal a yaƙin Zama a 202 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Mai batu: Ƙanina, wannan ai maci amana ne. Kartaj ya fara mara wa baya, sannan ya koma wa Rum.

Ɗan Zangon Kumasi: Amanar wa? Kartaj da take tatsar manoman Libiya haraji?

Mai kula da zaure: Na rufe zance. Abin da ya fito fili: Hanibal ɗan Afirka ne, Hajiya ta kawo hujja, Masinisa kuwa ya buɗe wa Rum ƙofa har ta rushe Kartaj a 146 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Malamin sakandare: Ranka ya daɗe, maganar Sur fa? Ko a bakinka ba ka ɗauko ta ba.