Motar Lantarki: Abin da Masu Ita Suka Ce Kafin Ka Saya

A wata tattaunawa da aka yi tsakanin masu motocin lantarki da masu niyyar saye, magana ɗaya ce ta fi yawa: kafin ka tambayi farashi, tambayi kanka a ina za ka riƙa caji. Wanda ke da wurin ajiye mota a gida da wuta tsayayyiya shi ne ya more, don yana barci motar na cika, kuma a nan caji ya fi araha. Mai dogara da tashoshin caji na kan hanya kuwa zai biya da tsada, ribar da yake hange ta ragu sosai. Caja mai sauri kan kai batir daga kashi 10 zuwa 80 cikin kusan rabin awa, amma ta soket ɗin gida sai a kwana ana jira, wani lokaci har a wuni.

Kuɗin saye yawanci ya fi na motar fetur, saboda batir. Sauƙin yana zuwa daga baya: babu canjin man inji, babu filogin inji, birki ma yakan daɗe. Taya dai tana saurin cinyewa saboda nauyin motar, abin da 'yan talla ba su cika faɗa ba.

Kamfanoni da yawa na ba batir garantin shekara 8 ko kilomita 160,000. Mai sayen ta hannu, in ji masu motocin, kada ya biya sai ya ga rahoton lafiyar batir. A ganina wannan ce shawarar da ta fi nauyi. Sanyi mai tsanani yana rage tazarar tafiya, zafi kuma yana tsufar da batir.