Baƙin mai mai kauri ya fi kare injin VVT?

Oga Ɗanlami: Maganata ɗaya ce. Injin da ya sha tafiya a zuba masa baƙin mai mai kauri, 20W-50. Kaurin ke cike giɓin beyarin, matsin mai ya tashi, ƙara ta ragu. Da VVT, wato tsarin nan da ke sauya lokacin buɗe bawul da rufe shi, da babu, duk inji ne.

Injiniya Sabo: Oga, a tsohon inji da kamshaf ɗinsa, sandar da ke buɗe bawul, ke kafe wuri guda, na yarda. Amma a VVT aikin mai ya wuce shafe ƙarafa, shi ke murɗa kamshaf. Cikin giyar da ke bakin kamshaf akwai ɗakuna da fukafukai suka raba. Kwamfutar mota tana duba sensar kirankishaf da ta kamshaf, sai ta sa solonoyid, bawul ɗin mai da lantarki ke sarrafawa, ya tura mai ɗakin gaba ko na baya, kamshaf ya gusa, a wasu injuna har digiri 40 ko fiye a lissafin kirankishaf. A silo ana jan kamshaf na bawul ɗin iska baya don kada bawul ɗin iska da na hayaki su daɗe a buɗe tare, inji ya kama kakkarwa. An ɗan taka totur, sai a turo shi gaba. Hanyoyin man nan sirara ne, mai kauri kuwa kafin inji ya ɗumama tafiyar hawainiya yake yi.

Oga Ɗanlami: To ai da inji ya yi zafi man tsinkewa yake.

Injiniya Sabo: Yana tsinkewa, amma a zafin digiri 100 kaurin mai lamba 50 kusan ninki biyu yake na mai lamba 20. Kwamfuta ta nemi kusurwa, kamshaf ya makara, fitilar cek ta kama.

Malam Habu: Ku gafarce ni, duk kun ɗora wa lambar mai laifin da ya fi ƙarfinta. Abin da ya fi kashe VVT datti ne da ƙarancin mai. Akwai 'yar raga kafin solonoyid, idan aka daɗe ba a yi juye ba sai ta toshe da baƙin dagwalo kamar kwalta. A fara zare sandar awon mai, sannan a karanta lambar matsala daga kwamfutar motar. P0010 waya ce ko nannaɗin solonoyid. P0011 da P0012 kamshaf ne bai tsaya inda aka ce ba. P0016 kuwa, a duba sarƙar da ke juya kamshaf, ko ta miƙe ko ta tsallake haƙori. Solonoyid na Toyota da yawa om 6.9 zuwa 7.9 yake nunawa a mitar lantarki a zafin digiri 20. A ba shi wutar lantarki bolt 12 inji na silo: idan injin ya rikice ko ya mutu, giyar na amsawa.

Oga Ɗanlami: Kwaramniyar nan ta daƙiƙa biyu da an tayar da mota fa, Malam? Mai kauri na rage ta.

Malam Habu: Ɓoye ta yake yi. Ɗan fil ɗin da ke kulle giyar idan an kashe inji ne ya cinye, ko matsar sarƙa ta saki. Canji suke buƙata.

Injiniya Sabo: Abu ɗaya zan ba Oga. Idan beyarin sun ci har matsi ya faɗi a silo mai zafi, giyar ba za ta samu ƙarfin motsi ba. Nan ana iya hawa mataki guda, daga 5W-30 zuwa 5W-40, bayan an ɗaura gejin awon matsin mai an ga matsin ya gaza abin da littafin motar ya ce.

Oga Ɗanlami: Mataki guda na ji. Amma injin da ke shan lita ɗaya ta baƙin mai kowane kilomita 1,000, me za ku zuba masa?

Malam Habu: Wannan ringin fistin da robar bawul yake nema, Oga.