Shawarwari kan ma'ajiyar wucin gadi ta SQLite

A tattaunawarmu da masu haɗa manhaja, bakinsu ya zo ɗaya: a auna kafin a taɓa komai. SQLite, wato tsarin adana bayanai da ake sakawa cikin manhaja, na ajiye shafukan da ya karanta daga faifai, kowanne bayit 4096, a ma'ajiyar wucin gadi cikin ƙwaƙwalwar na'ura, wadda girmanta na asali kusan megabayit 2 ne. Idan bayanan da ake yawan nema sun fi ta girma, dole ya riƙa komawa faifai, aiki ya yi nauyi. A nan ƙara PRAGMA cache_size, wato saitin girman ma'ajiyar, ke da amfani, amma kowane haɗi da manhaja ta buɗe zuwa rumbun bayanan da tasa ma'ajiyar, don haka a kula a waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Wasu sun tunatar cewa tsarin kwamfutar ma yana nasa ajiyar. A ganina, fihirisa, wato jerin da ke hanzarta nemo bayanai, ya kamata a fara gyarawa.