"Babba juji ne": haƙuri ake nufi ko rufe baki?

'Yar Fari: Salamu alaikum. Jiya a adaidaita sahu na ji wata waƙa kan yaron da ya girma ya tarar duniya ba yadda ya zata take ba. Amshinta karin maganar nan ce, "babba juji ne". Sai da gabana ya faɗi, don tun rasuwar mahaifinmu ake jifa na da ita. Ƙanena ya cinye mini kuɗin adashi, ina buɗe baki Inna ta ce babba juji ne. Wai abin da take nufi ke nan?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam, 'yata. Cikonta: kowa ya kwaso shara sai ya zuba. Da maigida da mai unguwa ake, mutumin da ake kai wa ƙara da zagi ya haɗiye. Girman ɗaukar nauyi ne, ba na shekaru ba.

Ɗan Kauye: Baba, ku 'yan birni kun raina juji. Mu da rani har cikin Kano muke shiga da jakuna, mu cika mangala da tokar juji da kashin awaki, mu jibge a gona tsibi-tsibi kafin ruwan shuka. Inda aka zuba, dawar wurin har baƙi-baƙi take yi don ƙoshi. Abin da babba ya haɗiye, shi ke ciyar da gida daga baya. Ina jin nan mawaƙin ya dosa.

Uwar Biyu: To ai ka faɗa da bakinka, kwashewa kuke yi! Jujin da ba a kwashewa fa? Da damina ya toshe kwata, ruwa ya shigo ɗaki. Ni na gaji da maganar da kullum babbar 'ya mace ake karanta wa. Ban taɓa jin an gaya wa yayana ba.

Tsohon Malami: Hajiya, a nan kin kama ni. Kuma babban shi ke faɗa wa kansa don ya huce. Wanda ya zubar da sharar ba shi da bakin faɗa.

'Yar Fari: Ai kuwa har ƙanen nawa ya fara maimaita ta, yana dariya.

Uwar Biyu: Ki yafe dariyar, 'yar'uwa. Kuɗin adashi kuwa ki sa kawunku ya karɓo miki.